Shamuwar Raivo

Ranar Talata Raivo ya aiko layi huɗu:
idona ya gaji, hannun dama na rawa,
daga Disamba ba zan ƙara taɓa Kurg ba,
mai so ya ɗauka.

Kurg, shamuwa ke nan a bakinmu.
Shekara goma sha tara yana kiwonta shi kaɗai
a ɗakin sama, bayan kasuwar Tartu.
'Yar manhaja ce, ba ta cika cokali ba,
amma ita ke juya umarninmu
zuwa yaren ƙananan na'urori
da ke maƙale a ƙafar gada
suna auna fushin kogin Emajõgi.

Mu nawa ne ke amfani da ita a duniya?
Siim ya ƙirga: ɗari biyu da sha ɗaya,
har da wata mata a Chile mai auna narkewar ƙanƙara,
da wani da bai taɓa cewa uffan ba
sai "na gode" duk watan Janairu.

A ofis shayi ya huce muna gardama.
Siim ya ce, sabo turken wawa,
mu koma ta babban kamfanin nan,
tana da ma'aikata dubu, tana da lambar waya,
ka biya kuɗin wata ka yi barci.
Triinu ta ce, ranar da suka ninka kuɗin fa?
Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.
Mu sake rubuta ta da sabon yare, wata shida.
Na yi dariya.
Na san wata shidan nan,
na taɓa zama a cikinsa shekara biyu.

Da dare na buɗe cikinta.
Layi dubu arba'in, kamar gidan tururuwa,
kuma a gefe-gefe, rubutun Raivo:
"Kar a taɓa nan. Ban san dalili ba, amma yana aiki."
Can ƙasa:
"Yau aka haifi Liisu, gobe zan gyara wannan."
Liisu ta shiga jami'a bana.
Goben tana nan zaune inda ya bar ta.

Na same shi Asabar a bakin ruwa
yana kankare tsohon fenti daga jikin kwalekwale.
Ya yanka min baƙin burodi, ya ɗora kifi mai hayaƙi.
Na fara jawabin da na haddace a bas,
ya ɗaga hannun da ke rawa:
Merike, ba mutuwa na yi ba,
so nake in ga kogin da idona
ba ta lambobi ba.
Ya rubuta mabuɗin ma'ajiyar
a bayan rasidin ƙusoshi,
ya miƙo min bai ko dube ni ba.
Ban ce na karɓa ba.
Ban kuma mayar ba.

Siim ya kwashe na'urori goma sha biyu
ya kai su inuwar kamfani, kuma suna aiki lafiya,
gaskiya ce, ba zan ɓoye ba.
Triinu ta fara nata, ta sa masa suna tun bai yi ƙafa ba.
Matar Chile ta rubuto:
in kin riƙe kai, zan riƙe wutsiya,
amma Lahadi kawai nake da ita.

Yanzu ƙarfe ɗaya saura, dusar ƙanƙara na lasar taga.
Na je wurin goben nan ta Raivo,
na cire waƙafi ɗaya, na sauya layi uku.
Gwaji ɗari uku da tara sun yi kore.
Ɗaya ya yi ja,
daidai inda ya ce kar a taɓa.

Watan Maris ƙanƙara za ta tsage,
ruwa zai hau ƙafar gada
ba tare da ya tambayi wa ke gyara me ba.
Na jawo kujera kusa,
na rubuta a ƙarƙashin rubutunsa:
"Na taɓa. Gobe zan nemo dalili."