Telan Oruro

Shekara goma sha tara ina ɗinka masa kaki,
tun yana laftanan, wuya siriri kamar na zabo.
Na san faɗin kafaɗarsa fiye da matarsa.

Jiya Kanar Leocadio ya shigo shagona
ba hula, ba sanda,
sanyin tsauni na biye da shi har ƙofa.
Ya ce, "Anselmo, kwat nake so, ruwan toka,
irin wadda ake rantsuwa a cikinta."

Na ɗora tef a ƙirjinsa.
Ya ƙaru da yatsu uku tun daren da rediyo
ya yanke kiɗa ya kama taken soja,
daren da tankoki suka kwana a dandali
suna farfasa duwatsun da kakanmu ya jera.

Ban ce uffan ba. Allurai ne a bakina.

Ƙanena Severino, mahaƙin kuza,
ya tafi taron ƙungiya da fitila a goshi,
wata bakwai ke nan.
Har yau uwarmu na ajiye masa dankali a bakin murhu.

Kanar ya ce, "Ƙasa ta yage, ni zan ɗinke ta."
Na dubi hannunsa.
Bai taɓa zura zare a allura ba.

Ya ce in bar sarari a hagu, ƙarƙashin hammata.
Ban tambayi na mene ne ba;
kura ko ta sake riga, tafiyarta na nan.

Asabar zai zo gwaji.
Na ja alli, na yanka yadi.
Akwai ragowar kaki a ƙarƙashin tebur,
da shi na yi shafin ciki.