Hoton Bayan Ido

Hanyar Ccollpa ba ta son babur,
amma babur nake da shi.
Na naɗe kyamara cikin bargon ulu
kamar bakwainin jariri,
na goya ta, na hau duwatsun Andes
har iska ta fara yi wa ƙirjina rowa.

Doña Eusebia Huallpa na bakin ƙofa,
masaƙarta ɗaure a ƙugu, ɗaya bakin a jikin turke.
Shekara hamsin tana rarrabe ja kala goma sha ɗaya,
jan da ake matsewa daga ƙwaron da ke kwana a tsiro mai ƙaya.
Bana ta saƙa ruwan ƙasa a gurbin jan garwashi.
Jikarta ta gani, ta haɗiye maganar kwana uku
kafin ta kawo mini.

Suga ya daɗe a jikinta.
Ba ya sallama, ba ya buga ƙofa,
cin gara yake yi,
sai an jingina da azara a ji ta tafi.

Na ɗiga magani, na jira,
baƙin idon ya buɗe kamar bakin rijiya.
Dubi kunnena, Mama, kar ki ƙifta.
Walƙiya ɗaya, ta zage ni da Kecuwa.
Ta biyu, ta yi dariya.

Ta ce sai ta gani.
Na juya mata allon:
wata ne ruwan lemo, jijiyoyi sun ratsa shi
kamar rafuka in ka hango su daga tudu.
Ta karkata kai, ta matso da idon dama.
"Wa ya yi ɓarin rini a nan?"
Jini ne, ɗigo-ɗigo. Ban faɗa ba.
Ni mai ɗauka ce. Mai karantawa yana Arequipa,
tafiyar awa tara
in ruwa bai cinye hanya ba.

Sabis ba ya shiga ƙauye.
Yana tsayawa bayan coci, daura da makabarta,
kan wani dutse da yara suka shafa wa farin fenti.
Can na tsaya, hannu a sama kamar mai rantsuwa,
sanyi na gatsar yatsuna,
idanu goma sha takwas na fita daga wayata ɗaya-ɗaya,
suna tsallake kwazazzabai
da garken alfaka da ba su ko ɗaga kai ba.

Likita Zevallos bai san fuskarta ba,
ta ciki ya san ta.
Da rana ta faɗi saƙo ya shigo:
mutum takwas lafiya, a sake dubawa baɗi.
Ta tara, idon hagu, kada ya wuce mako biyu.

Ta ce dankali na ƙasa tukuna.
Na ja hannunta zuwa dutsen, na manna mata waya a kunne.
Ya ce kwana nawa tonon zai ci? Ta ce ashirin.
Ya ce goma.
Suka yi ciniki kamar a kasuwar Lahadi,
suka tsaya a sha biyu.
Washegari maƙwabta suka fito da fartanyoyinsu,
ba wanda ya kira su.

Ta dawo daga birni tana mita:
wai ɗinki suka yi mata da haske,
ba allura, ba zare, ko ƙulli ba ta gani ba,
wane irin aiki ne wannan?
Hagun bai dawo duka ba.
Akwai inuwa a gefe da ta ƙi tashi,
tana kiran ta baƙuwa, tana zuba mata ido da na dama.

Jiya ta miƙo mini ɗamara, faɗin tafin hannu.
A tsakiya wata ruwan lemo,
rafuka ja sun ratsa shi, kala bakwai na ƙirga,
babu ɗigo ko ɗaya.
Ta ce in ɗauki hotonta in aika wa mutumin,
shi ma ya duba ko akwai kuskure.

Na hau dutsen tun hantsi.
Sabis bai zo ba tukuna.
Hannuna na sama.