Towton a Kan Tebur

Ƙarfe shida, birnin York bai farka ba,
Wilfred Hargreave ya riga ya sauke akwati tara
a ƙofar zauren baje koli,
gwiwarsa na ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Tebur ƙafa goma sha biyu.
Ya sassaƙa tudu da soson katifa,
ya zuba gam, ya daskare, ya zama rafi,
ya barbaɗa garin alli bisa komai
har fili ya yi fari fat
kamar ranar da dusar ƙanƙara ta sha jini,
shekara ɗari biyar da ɗoriya.

Sannan mayaƙa. Ɗari takwas, na darma,
ba wanda ya kai ɗan yatsa.
Shekara huɗu yana binsu da buroshi mai gashi uku,
har tsatsar sulke, har lakar takalmi.

A da Clive ne ke tsayawa wancan ɓarin,
yana jan rundunar da tarihi ya kayar,
kowace shekara yana rantsuwa bana sai ya rama.
Clive ya rasu a watan Nuwamba.
Kujerarsa na nan. Ba wanda ya zauna.

Jama'a na wucewa, a ɗau hoto, a yi gaba,
sai wata yarinya mai giɓi, Imogen,
ta ɗora haɓa a bakin tebur.
"Waɗancan na wane ne?"
"Ba su da kowa."
Ya zuba mata 'ya'yan lido a tafi.

"Ki sani, iska na bayana.
Kibanki ba za su iso ba."
Ya ja tef ɗin tela, ya auna mata tazara.
Ta hura a hannu, ta watsa.
Shida. Shida. Biyar.
Ta sake. Shida.
Sahunsa ya tsinke kamar zaren ƙulli,
dawakansa suka afka rafin gam.

"Ai ba haka aka yi ba,"
in ji wani mai gemu, da littafi a hammata.
"Yau dai haka aka yi," in ji Wilfred,
yana dariya har da share ido.

"To waɗanda suka mutu, ina za su?"
Ya buɗe gwangwanin biskit,
an shimfiɗa auduga a ciki.
"Nan suke kwana. Gobe ƙarfe goma duk su tashi."
Ta taya shi kwantar da su, ɗaya ɗaya.

Can ta ɗago wani maharbi daga nata ɓarin.
"Wannan ya sa tabarau!
A zamanin akwai mai harbi da tabarau?"
"Shi kaɗai ne."
Ya karɓa, ya busa masa alli daga kafaɗa,
ya tsayar da shi a ƙolin tudu,
inda bai taɓa kaiwa ba
cikin shekara goma sha tara.

A waje ruwa ya soma.
Uwarta na kira daga rumfar jiragen ƙasa.