Hatimin A'a

Shekara talatin da ɗaya na yi a bayan kanta
a bankin Barra Seca, can arewacin Burazil,
inda rana ke gasa dutse har ya tsage,
kowane gida da bishiyarsa ta yazawa.

Banki ɗaya ne. Magajin gari ɗaya.
Wa da ƙani, 'ya'yan gidan Queiroga:
babban na riƙe da makullin taska,
ƙaramin na riƙe da akwatin ƙuri'a.
Ran Lahadi, in an taso daga coci,
a kan akushi ɗaya suke yanke
wanda zai sami rance, da wanda zai tsufa a inuwa.

Hatimi biyu aka ba ni.
Na "E" ya yi ƙura a aljihun tebur.
Na "A'a" sau uku ana sake masa roba.

Dona Zuleide ta zo sau tara.
Man ƙwallon yazawa ya ƙone mata yatsu,
baƙi ƙirin, kamar ta yi wasa da garwashi.
Injin fasa ƙwallo take so, ɗan ƙarami.
Manaja ya raɗa mini, "Mijinta wa ya zaɓa?"
Na buga hatimi ban ɗago kai ba.
Ta ninke takardarta gida huɗu,
ta ce mini, "Sai wata zuwa."

Sai ga Genivaldo mai kantin magani
ya manna hotonsa a jikin tankin ruwa.
Garin ya yi dariya. Ya faɗi da ƙuri'a arba'in.
Dariyar ta ragu.
Karo na biyu ya haye,
ya buɗe wa bankin manoma ƙofa kusa da kasuwa.
Kafin damina biyu, na uku ya iso daga Fortaleza
da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki.

Ranar na ga kura ta koyi sallama.
Manajanmu a bakin ƙofa, da butar gahawa,
yana tambayar masu takalmin roba lafiyar iyali.
Kuɗin ruwa ya sauko kamar zazzaɓi bayan allura.
Zuleide ta wuce ta gabanmu, ta shiga maƙwabta.
Inji ɗaya ya zama huɗu.
Mata goma sha bakwai suna karɓar albashi ran Juma'a,
mai walda ya dawo daga birni,
makaranta ta sami rufin kwano,
motocin kaya suka fara hana mu barcin rana.

Amma kada in yi muku ƙarya.
Shekarar zaɓe ta zo da nata haukan.
Bankuna uku na farautar mutum ɗaya,
a ba ka rance kafin ka gama faɗin sunanka.
'Yan takara na rantsuwa za su yafe bashi,
kowa ya sayi babur, har wanda bai iya hawa ba.
Sannan ruwa ya ƙi sauka.
Bankin gilashi ya wayi gari da kwaɗo a ƙofa,
tsoho Nonato ya zauna a dakalinsa kwana uku
da littafin ajiyarsa a cinya.
Gadar da wancan ya fara, wannan ya ƙi ƙarasawa,
tana nan tsaye a tsakiyar rafi, awaki na shan inuwa.

Duk da haka, tambayi kowa
ko a koma zamanin akushi ɗaya.
Nonato kansa tsaki zai ja.

Yanzu jikar Zuleide ce a kujerata.
Ni kuwa na taho gida da tsohon hatimina,
da shi nake danne takardu kada iska ta kwashe.
Duk Disamba Zuleide na aiko mini da ƙulli,
babu wasiƙa, babu gaisuwa.
Shekarar farko na kwance na ƙirga:
ƙwaya tara ce ta yazawa.