Takardar da ke Cikin Hular Barau

A cikin hularsa na same ta,
ninki huɗu, zufa ta cinye rabin rubutun.
Yaron maƙwabta ya karanta mini:
kitse ya yi yawa a jini,
a rage maiƙo, a rage zaƙi, a dawo bayan wata uku.
Tun bara aka rubuta, kafin a cire gyaɗa.

Barau bai faɗa mini ba.
Ya dai dawo daga Dutse da ƙunshin tsire,
wai likita ya ce garau yake.

Shekara sha tara yana jan mota,
riɗi yau, gobe zoɓo.
Da asuba shayi, sukari cokali shida, burodi da bota.
Azahar ta riske shi gaban kasko a Shuwarin,
inda mai ya sha wuta har ya koma tawada,
yana cewa a yanko masa wajen tozo,
a haɗo da lemon kwalba mai raɓa.

In na kawo kwaɗon zogale sai dariya:
"Gwamma, na ci ganye da ƙuruciya
har na kusa kukan akuya.
Yanzu Allah ya buɗa, ƙyale ni."
Na ƙyale shi.
Ni ma na ji daɗin kaurin wuyan nan,
mata a bakin rijiya suna cewa na iya kiwon miji.

Bayan sadakar bakwai, malamar asibitin garinmu
ta ce irin wannan ci wuta ce marar hayaƙi,
tana bin jijiya a hankali
yadda gara ke bin azara,
daga waje ɗaki tsaf.
Ban gane duka ba.
Na gane azara.

Yana ɗaure buhu ya faɗi, igiya a hannunsa.
Hamsin da ɗaya.
Uwarsa na nan, haƙori uku,
tana shan kunun gero a gindin tsamiya,
tana tambaya ko motar ta dawo.

Kwana ne ya ƙare, ba na ja da wannan.

Amma jiya Ɗanliti ya ɗauki makullin ubansa.
Na ƙulla masa wake da zogale,
na cusa takardar a aljihun rigarsa.
Ya kwance ƙullin, ya leƙa,
ya yi dariyar nan,
sak.