Haƙoran Noti

Talatu ta iso Panteka rana ba ta yi zafi ba,
da kusa ƙulle a bakin zane
kamar mai kai zubin adashe.
Injin markaɗenta ya tsaya tun Laraba,
waken mutane na jiƙe a bokitai, ya soma tsami.

Na dubi kaurin kusar, na ce takwas ce.
Na tsamo noti a gwangwanin madara.
Ya hau. Juyi ɗaya, juyi biyu,
a na uku ya cije.
Na kai hannu ga babbar sifana.

Baba Jatau ko ɗagowa bai yi ba.
Ya ce, "Ajiye.
Abin da ya ƙi da yatsa
ba ya yarda da sifana, sai dai ya lalace."

Ya zaro ma'auninsa daga aljihun gaba,
ganyayen ƙarfe kamar 'ya'yan zarto,
ya ɗora ɗaya, haske ya ɓullo ta tsakani,
ya ɗora wani, ya sake,
har aka kai ga wanda ya kwanta luf.

"Sha takwas a inci," in ji shi.
"Wannan 'yar Kakuri ce.
Daga jikin injin saƙa ta fito
lokacin da aka sayar da masaƙa a kan sikeli.
Naka notin a kwantena ya zo,
da milimita yake lissafi.
Babu mai laifi a cikinsu."

Ya daɗe yana juya ta a tafin hannu.
Shekara ashirin da biyu ya yi yana ɗaure irinta,
jiniya ta kira shi da asuba, jiniya ta sallame shi.
Yanzu ciyawa ta fi shi tsawo a ƙofar da yake shiga.
Bai faɗi wannan ba, ni na sani.

Muka zazzage buhu uku.
Na fijo, na babur, na jirgin ƙasa mai tsatsa,
ko ɗaya bai san yarenta ba.

Sai ya kama guntun ƙarfe, ya huda,
ya ɗiga baƙin mai,
ya shiga yanka haƙori da hannu:
rabin juyi gaba, kwata baya,
rabi gaba, kwata baya,
gari na zuba kan takalminsa.
Maƙera na ta dukan langa-langa kewaye da mu,
shi yana sauraron abin da ba na ji.

Ya hura, ya miƙo mini.
Da ɗan yatsa ɗaya na tura,
notin ya gangara har gindi bai yi tari ba.

Talatu ta ce nawa.
Ya ce ɗari biyar, ta ce uku.
Ya ce to, ta aiko da ƙosai gobe.
Ni kuwa na mai da sifana ƙusarta a bango,
na tsuguna ina kwashe buhu uku.