Kuɗin Iska

Ƙarfe uku na dare famfo ya yi tari.
Na zabura, na jera bido goma sha biyu.
Ya yi tsaki, ya yi gurnanin tsohon raƙumi,
ya tofo ɗigo bakwai masu launin tsatsa,
sai ya yi gum.
Kwantar kuwa ba ta yi gum ba.
Na haska ta da tocila,
allurarta na ta juyi,
tana ƙirga iska.

Ƙarshen wata takarda ta iso:
jikka tara da dala arba'in.
Ni Barira mai ƙosai a bakin Zango,
da na sha iskar jikka tara
ai da tuni na tashi sama,
na sauka a lambunan Mirya.

Kiyari mai kura ya ce bido dala talatin yau.
Jiya ashirin ne, Kiyari!
Ya ɗaga mini tafin ƙafa, duk faso:
"Daga bayan Kara-kara na turo shi, Inna.
Mai rijiya ya ƙara, mai tsaron layi ya ci nasa,
ni ladan gwiwa kawai nake ci."
Na biya.
Ruwan jiƙa wake ya fi waken tsada.

Na kai takardar gaban alƙali.
Ya gyara tabarau, ya ce doka ta san
abin da kwantar ta rubuta, shi ke nan.
"Kina da shaidar cewa iska ce?"
Na ce, ranka ya daɗe, randata shaida ce,
gizo-gizo ya yi saƙa a cikinta har ya aurar da ɗiya.
Ya ce randa ba ta rantsuwa.
Aka ɗage zama sai bayan Salla.
A kan teburinsa wata gorar ruwa mai sanyi
tana ta zubar da hawaye.
Duk ɗakin nan ita kaɗai ta taya ni.

An ce Damagaram a kan dutse take zaune,
dutse kuwa ba ya nono.
Na yarda.
Amma shekarar da Alhaji Mutari ke neman kujera
ya zo da tankar ruwa mai hotonsa a gefe,
kwana tara muna sha kyauta muna guɗa,
ran na goma aka ƙirga ƙuri'a.
Tankar ta miƙi hanyar Yamai, ko waiwaye.
Tubalin da ya aza na nan,
awaki na sosa baya da shi.
Na leƙa ta ƙyauren gidansa rannan,
ciyawa kore shar, ana mata wanka.
Ashe dutse na nono,
ya dai san ƴaƴansa.

Gaptiya jikata ta dawo daga lakkwal,
ta ce mushe ya ce jikin mutum
rabi da wani abu duk ruwa ne.
Ta dube ni, ta dubi hannunta:
"Kaka, mu ma za a sa mana kwantar?"
Na ce yi shiru, yarinya,
bango na da kunne, kar ki ba su dabara.

Yanzu dare ya raba.
Na shimfiɗa tabarma a gindin famfo,
na kara kunne a bakinsa
kamar mai jinyar tsoho.
Yana numfashi.
Kowane numfashi nasa, ni zan biya.